Adireshin ofis ya zama bola, kamfanin da muke biya kuma ya ce ba ruwansa

Kusan kowane ofishi yana da adireshin imel na bai-ɗaya, wanda ake bugawa a saman takardun ofis da kan allon bakin ƙofa da kuma shafin intanet, domin duk mai hulɗa da ofishin ya san inda zai aika saƙo. Namu ofishin ƙarami ne, don haka aka tsara cewa duk saƙon da ya shigo wannan adireshi a riƙa tura shi kai tsaye zuwa akwatunan Gmail da Yahoo na ma'aikatan da abin ya shafa, wato sakatare da akanta da shugaba. Kamfanin da ke ajiye mana shafi da imel ne ya ba da wannan shawara, shi ne ya saita turawar da hannunsa, kuma shi ne yake karɓar kuɗinmu duk shekara ba tare da ya taɓa yi mana rangwamen kobo ba. Abin da muke samu a madadin kuɗin nan ya kai ga sai an yi magana, domin haƙuri ya ƙare.

Adireshin da aka baje a fili dole ne masu saƙonnin shara su tsince shi, wannan ba laifin kowa ba ne. Laifin yana wajen wanda aka ba amanar ƙofa, ya ga tallan magani da caca da takardun biyan kuɗi na bogi da saƙonnin masu neman kalmar sirri suna kwararowa, ya kwashe su duka ba tacewa ya juye wa mutane a akwatunansu. Saƙon shara guda ɗaya da ya shigo adireshin ofis yakan zama uku, tun da mutum uku ake tura wa, kuma kowannensu sai ya ɓata safiyarsa da datarsa yana tsintar saƙon kirki a cikin tarkace. Akanta ta fi kowa shan wahala, saboda rabin sharar an yi mata shigar takardar neman biya ne, kuma aikinta bai ba ta damar share irin wannan ba tare da ta buɗe ta duba ba. Wannan buɗewar ita ce abin da 'yan damfara suke jira. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a shekarar 2023 kaɗai an kai mata ƙarar asarar kimanin dala biliyan 2.9 ta hanyar damfarar imel ɗin kasuwanci, wato inda ake kwaikwayon abokin ciniki ko shugaban ofis a sa a tura kuɗi zuwa wani asusun banki daban. Ofishin da ake zuba wa ma'aikaciyar kuɗinsa irin waɗannan saƙonni kullum, ana jiran ranar da ido zai gaji ne kawai.

Da a nan abin ya tsaya da mun ce wahala ce irin ta yau da gobe. Abin da ya fi ƙona rai shi ne yadda sharar take cinye mutuncin sunan ofishinmu a idon manyan kamfanonin imel. Idan saƙo ya iso Gmail, na'urar da ta miƙo shi ake dubawa, kuma a wajenmu wannan na'urar ita ce saba, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke yi mana turawa. Duk lokacin da ma'aikaci ya danna alamar cewa saƙo shara ne, wanda kuma haƙƙinsa ne ya danna, ana rubuta laifin ne a kan wannan saba, kamar dai mutumin da ya karkato kwatar unguwa ta bi ta ƙofar gidansa, maƙwabta ba za su tambayi daga inda ruwan ya taso ba, shi za su riƙe. Sannu a hankali sai a daina yarda da duk abin da ya fito daga wannan hanya, har da saƙonnin gaskiya, har da waɗanda mu da kanmu muke aikawa abokan hulɗa. Ga shi kuma irin wannan saba ba mu kaɗai ne a kanta ba, ofisoshi da yawa ne ke raba lambar intanet ɗaya da ake gane sabar da ita, don haka sakacin da aka yi a kan wani yana shafar kowa, kuma idan lambar ta shiga jerin baƙin littafi irin na Spamhaus, ƙungiyar da ke lissafa masu aika saƙonnin shara, duka ake rufe wa ƙofa.

Sakamakon haka muna zaune gaba kura baya siyaki. Shara tana shigowa akwati, takardar gayyatar neman kwangila kuwa tana faɗawa aljihun Spam, inda Gmail ke share abin da ya yi kwana 30, ko kuma a ƙi karɓarta tun daga bakin ƙofa. Mun rasa damar shiga wani aiki saboda gayyatar ba ta iso hannun kowa ba sai bayan wa'adi ya wuce, kuma wanda ya aiko ta ya ɗauka raini ne ya hana mu amsawa. Babu abin da ya kai wannan ciwo ga mai sana'a, a ce ana yi maka kallon marar kula alhali ba ka ma san an neme ka ba.

Da muka kai kuka, amsar da aka ba mu ita ce matsalar daga Gmail take, mu je mu duba aljihun Spam. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma duk wanda ke sayar da hidimar imel ya san haka, ko kuwa bai cancanci sayar da ita ba. Akwai ƙa'idar SPF, wadda da ita mai sunan adireshin imel ke bayyana wa duniya na'urorin da ya yarda su aika saƙo da sunansa. Idan banki ya aiko mana saƙo, sabar kamfaninmu ta tura shi gaba da sunan bankin a bayan ambulan, wato adireshin mai aikowa da na'urori ke karantawa, mai karɓa zai duba ya ga wannan saba ba ta cikin jerin bankin, sai saƙon ya faɗi jarrabawa. Akwai kuma DKIM, hatimin da ke tabbatar da cewa ba a taɓa saƙo a hanya ba, shi yana iya tsallake turawa lafiya muddin ba a sauya komai ba. To, maganin da kamfaninmu ya kawo da muka matsa shi ne ya riƙa liƙa kalmar gargaɗi a kan taken duk saƙon da yake zargi, sannan ya tura shi a hakan, wanda yake fasa hatimin. Idan SPF ya faɗi, DKIM ya fashe, mai saƙon kuma ya kafa dokar DMARC mai cewa a yi watsi da duk abin da bai ci jarrabawa ba, saƙon ya tafi ke nan. Bankuna da manyan ƙungiyoyi, waɗanda saƙonsu ya fi muhimmanci a wajenmu, su ne suka fi kafa irin wannan doka mai tsauri.

Babu sabon abu a cikin wannan. Tun a watan Afrilu na 2014, lokacin da Yahoo ya tsaurara DMARC ɗinsa, masu tura saƙo gaba suka gane cewa tsohon tsari ya mutu. Tun kafin nan akwai SRS domin sake rubuta sunan bayan ambulan ta yadda SPF zai wuce, an kuma fito da ARC, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 2019, domin mai turawa ya sa nasa hatimin ya shaida halin da ya karɓi saƙo. A watan Fabrairu na 2024 Gmail da Yahoo suka ƙara tsaurara sharuɗɗan karɓar saƙo, bayan sun yi sanarwa tun watan Oktoba na 2023. Wanda ya samu shekara goma yana kallon wannan sauyi bai gyara komai ba, ba shi da bakin cewa laifin wani ne. Kuma ko SRS ɗin ba ya wadatarwa shi kaɗai, domin yana sa sunanmu ne a bayan ambulan, idan aka ci gaba da tura shara da shi an ƙara shafa mana baƙin fenti ne. Tacewa ce farko, a ƙi karɓar sharar da ta bayyana tun lokacin da ake miƙo ta, wadda ake shakka kuma a tsare ta a wani aljihu a kan sabar inda mutum ɗaya zai riƙa dubawa, sai abin da ya tsarkaka a tura gaba ba tare da an taɓa ko harafi ɗaya ba. Manhajar SpamAssassin kyauta ce, kuma tana nan a cikin allon sarrafa asusun da suka ba mu, kunna ta da daidaita ma'auninta ne kawai ba a yi ba.

Shugabannin ofisoshi ma suna da nasu kason. Tura wasiƙun aiki zuwa akwatin ma'aikaci na kansa don gudun biyan kuɗin akwati na gaske arha ce mai tsada, domin ranar da ma'aikacin ya bar aiki da takardun ofis zai tafi, kuma bayanan abokan hulɗa suna zaune a inda ofis ba shi da iko, alhali dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ofishin ta ɗora wa alhakin kiyaye su. Ba banza ba Microsoft ya sa tun 2020 asusun kamfanoni na Microsoft 365 suke zuwa da turawa waje a rufe, sai mai kula da asusun ya buɗe da gangan. Amma shugaban ofis ba masanin imel ba ne, shi ya sa ya ɗauki kuɗi ya ba masana, kuma wajibinsu ne su gaya masa haɗarin tsarin kafin su saita masa shi.

Abin da muke nema daga kamfanin nan a bayyane yake, mun kuma rubuta masa shi a takarda. A kunna tacewa kafin turawa, a daina taɓa taken saƙo, a sa SRS da ARC, a kuma ba mu akwatin bai-ɗaya da ma'aikata za su riƙa shiga kowa da tasa kalmar sirrin, ta yadda turawar ma za ta zama ba dole ba. Muna kuma son a ba mu bayanin duk saƙon da aka ƙi karɓa a watannin da suka wuce, da sunan mai aikowa da ranar, domin mu bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya mu ba su haƙuri, mu ji abin da suka nema. Wannan bayani yana cikin rajistar sabarsu, kuma ba za mu sabunta kwangilar bana ba sai mun gan shi.