Zanen bugawa ya cancanci bango a gidan tarihin Damagaram

Ina ganin lokaci ya yi da gidan tarihinmu zai ware bango guda ga masu zanen bugawa na wannan zamani, wato waɗanda ke sassaƙa zane a kan katako ko farantin ƙarfe, su shafa tawada, su danne shi da takarda, sannan su ƙara fenti, yashi, ƙyalle ko guntun fata a kan abin da ya fito.

Masu ja da wannan ra'ayi suna cewa abin da ake iya bugawa sau ashirin kwafi ne kawai, bai kai a ajiye shi kusa da takubba da sirdin sarauta ba. Wanda ya taɓa riƙe irin wannan takarda ba zai faɗi haka ba, domin zai ji shatar gefen faranti ta nutse a cikinta, ya ga tawada ta yi tudu a wani wuri ta dusashe a wani, a ƙasa kuma mai zanen ya sa hannu da fensir, ya rubuta 3/20, wato na uku cikin ashirin. Dukawanmu ma da ƙarfe ɗaya suke buga ado a kan jakunkuna da yawa, kuma ban taɓa jin an kira ta biyun jabu ba.

A dubi Bruce Onobrakpeya na Najeriya, wanda aka haifa a 1932, ya yi karatun zane a Zariya. A 1967 asid ya ɓata masa faranti, ya cike ramukan da manne mai tauri, ya buga, sai zanen ya fito da tudu da kwari, daga nan ya mayar da abin hanyar aikinsa. Yau ayyukansa suna gidan tarihin Vatican da na fasahar Afirka a Washington.

Inda nake da damuwa shi ne ajiya, kuma nan ne ya kamata kuɗi su tafi. Takarda ba ta jure gara da ƙurar hunturu, hasken rana yana cinye launi, zafin watan Afrilu kuma yana sa manne ya saki, fatar da aka liƙa ta banƙare. Don haka kafin a sayi ko da guda ɗaya, a tanadi gilashi da akwatuna masu rufi, a kuma roƙi mai zanen ya haɗa da farantin da ya yi aiki da shi, domin ɗaliban Jami'ar André Salifou da yaran dukawa su ga yadda aka yi.