Baba Kofur da jan furen Turawa

Duk shekara in Nuwamba ta kama a nan Ingila sai in ji raina ya ɗan sosu, ba don sanyi ba, shi kam na riga na saba. Ranar 11 ga wata da ƙarfe 11 na safe kowa sai ya tsaya cak minti biyu, ko tari ba ka ji, kowa da ɗan jan furen takarda maƙale a ƙirji, wai ana tuna sojojin da suka mutu a yaƙi. A gidan tsofaffin da nake aiki har waɗanda ba su iya tashi sai mun turo su falo a keke. Ni kuwa ina tsaye cikinsu amma hankalina na can wani ɗan gari a ƙasar Katsina, hanyar Mashi, inda kakana yake kwance tun 2019.

Baba Kofur ake ce mishi, har jikokin da ba su san mene ne kofur ba haka suke kiranshi. Shekarunshi ba wanda ya sani, shi kanshi in ka tambaya sai yace lokacin da Sarki Dikko ya rasu shi yana cikin kaki, to 1944 kenan, kai sai ka yi lissafinka. Ya kai casa'in da ɗoriya dai. Yaƙin Bama ya je, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, wanda tsofaffinmu ke ce ma yaƙin Hitila duk da su Jafanawa suka kara da su. Runduna biyu Turawa suka kwasa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jirgin ruwa sai Indiya, daga can aka shiga da su kurmin Bama. Yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin garinsu ba sai ga shi makonni bisa teku yana amai.

Labarin harbi bai cika bayarwa ba. Abin da yake maimaitawa ruwan sama ne, wai sai a yi kwanaki ana zuba kamar da bakin ƙwarya kaya ba su bushewa, ga matsattsaku na shan jini ta cikin takalmi, ga kaya a kai ana hawan dutse don mota ba ta shiga, abinci ma daga jirgin sama ake jefo musu. Sai kuma ranar da Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je duba su can, wannan kam in ya fara sai an kira magariba, yace da ya ji ana ga sarkinku nan ya zo sai gwiwarshi ta saki, rannan ne ya yarda gida bai manta da su ba.

Ni amaryarshi ce, kun san wasan jika da kaka. In na shiga zaure sai yace "amarya yau ma hannu rabbana kika zo, ina goron?" in ce mishi tsoho mai ran ƙarfe wa zai auri wanda ba haƙori, ya yi ta dariya har da tari. Bayan an sallame su ya yi ɗan doka na wasu shekaru, ya aje ya koma gona, gero da gyaɗa da wake, ya yi mata uku a rayuwarshi ya binne biyu, 'ya'ya goma sha huɗu, jikoki kuwa mun gaji da ƙirga. Rabon nama ranar layya ma a jere yake sa mu kamar fareti.

To ga inda nake son zuwa. Mutanenmu in aka yi zancen Turai da tsofaffi nan da nan sai a ce ai su ba su da zumunci, suna kai iyaye gidan raino su watsar. Akwai ƙamshin gaskiya, na gani da idona. Wani tsohon soja da na yi jinya kusan shekara biyu, ɗanshi sau uku na ganshi, ranar jana'iza mutanen ba su cika benci biyu ba har da mu ma'aikata. Shi kuwa Baba Kofur cikin ɗakinshi ya cika, kanshi bisa cinyar babban ɗanshi ana laƙƙana mishi kalmar shahada, sahun sallarshi ya bi ta ƙofar gida har bakin kasuwa, an yi kwana bakwai ana dafa tuwo ga masu gaisuwa. Wallahi ba zan musanya wannan da komai ba.

Amma fa mu daina yi ma kanmu kirari haka nan. Wancan tsohon da ɗanshi ya yi watsi da shi, fanshonshi na shigowa kan lokaci, lambobinshi na cikin gilashi, hotonshi cikin kaki na bango, kuma kusan duk ƙauyen da ka shiga komai ƙanƙantarshi sai ka tarar da dutse tsakiyar gari an sassaƙa sunayen yaransu da suka tafi ba su dawo ba. Mu fa? Abokan Baba da suka tafi tare daga yankinmu aka baro su a daji can, yau ko sunan mutum ɗaya ba mai iya kawo maka. Muna da ranar tuna sojojinmu 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, a aza furanni a Abuja a saki tantabaru a watse, ban taɓa ganin wani ya tako zauren Baba da ko sabulu ba saboda ranar. Akwai barikin Myohaung a Legas, sunan wani gari ne a Bama da sojojinmu suka karɓe a farkon 1945, tambayi ɗalibin sakandare a Katsina ka ji in ya sani.

Kuma ba gwamnati kaɗai ba, laifin har da ni. Waya na hannuna shekara da shekaru, na ɗauki bidiyon biki da na suna ba adadi, ban taɓa danna rikoda in ce Baba faɗa mini daga farko ba. Kullum sai in na dawo hutu.

Yana da wata lamba mai siffar tauraro ta tagulla, cikin adakar ƙarfe yake ajiye ta tare da takardar sallama da ta sha ninki har ta yage. Da aka zo rabon gado an lissafa gona da shanu da buhunan gero, adaka aka ba wani ƙanen babana. Bara na kira shi nace Baba don Allah a duba mini lambar nan a ɗauko hoto, yace to 'yata bari a duba. Bayan sati biyu ya kira yace takardar dai gara ta cinye, tauraron kuma yara sun daɗe da ɗauka suna wasa da shi, an tambaye su kowa yace ba shi ba ne.

Allah Ya jiƙan Baba Kofur, Ya kai haske kabarinshi.