Sarkin Sani da Acici a Gidan Abincin 'Yan China

Sarkin Sani ya daɗe yana cika wa Acici baki da wani gidan abincin 'yan China, wai nan ne wurinsa. Ran nan dai ya ja shi suka je. Aka zaunar da su a teburi mai faifan gilashi a tsakiya.

Acici: Mutumina, kafin in gyara zama, naman nan yankan wa ne?

Sarkin Sani: Ka ga rubutun can na bakin ƙofa? Qingzhen ake karanta shi, wato halal. Masu wurin 'yan ƙabilar Hui ne, Musulmin China. Kwantar da hankalinka, shekara 5 ina zuwa nan, ɗan gida ne ni.

Acici: Madalla. To ina cokali? Na ga tsinke bibbiyu, ko su sakace suke fara yi kafin su ci?

Sarkin Sani: Ƙauyanci dai bai yi ba. Kuaizi sunansu. Na ƙasa ba ya motsi, na sama ake riƙewa kamar alƙalami. Zuba ido ka gani.

Ya kai tsinke kan ƙwayar gyaɗa. Gyaɗa ta yi tsalle, sai cikin kofin mutumin da ke teburin gaba.

Acici: Wannan ma al'adarsu ce?

Sarkin Sani: Gaisuwa ce. Ba kowa ya san ta ba.

Mai kawo abinci ya zuba musu shayi. Sarkin Sani ya ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu.

Acici: Me teburin ya yi maka?

Sarkin Sani: Haka mutanen kudancin China ke godiya in an zuba musu shayi.

Acici: Godiyar me? Ko sukari bai sa ba.

Sai ga taliya cikin romon naman sa, tana tururi.

Sarkin Sani: Taliyar Lanzhou ke nan. Da hannu ake jan ƙullin, a ninka, a ja, a sake ninkawa, har ya zama silili. Kai, kar ka gutsure! Doguwar taliya a wurinsu alamar tsawon rai ce.

Acici: Tun ɗazu na kama bakinta ban ga wutsiyarta ba. In ban numfasa ba, ita za ta yi tsawon ran, ba ni ba. Wayyo! Minjirya ta kama min leɓe! Harshena yana nan kuwa? Duba min.

Sarkin Sani: Barkonon Sichuan ka tauna. Haka yake yi, kashe baki yake na ɗan lokaci. Mu da muka saba ko a jikinmu.

Acici: To hawayen fa?

Sarkin Sani: Tururi ne.

Acici ya gaji da kokawa, ya soke tsinkayen a tsaye cikin shinkafa, ya nannaɗe hannun riga.

Sarkin Sani: Cire, cire! Haka suke kafa turaren tsinke wa mamaci.

Acici: Ai sun yi daidai, yunwa ta kusa gamawa da ni.

Nan fa ya gano faifan nan juyawa yake. Daga lokacin, farantin nama bai sake kwana a gaban Sarkin Sani ba. Kwano 6 ya share, duk da hannu.

Mai kawo abinci ya ajiye takardar kuɗi a kan faifan.

Mai kawo abinci: Ranka ya daɗe, yau har da abinci? Mun saba ka sha shayi ka karanta jerin abinci ka tafi.

Acici: Shekara 5?

Mai kawo abinci: Ya haddace shi kaf, yallaɓai. Sabon ma'aikaci ma wurinsa muke tura shi.

Sarkin Sani: Bar wannan zance. Acici, ka san a China har rigima ake yi wajen biya, kowa na cewa shi zai biya?

Acici: To bismillah, fara. Ni ba na son rigima, zan bar maka.

Ya tura faifan, takarda ta tsaya gaban Sarkin Sani. Sarkin Sani ya turo ta. Sai da ta zaga sau 4, mai kawo abinci ya dafe faifan da tafin hannu.

Sarkin Sani: Ka zo da wani abu a aljihu kuwa?

Acici: Ni ciki na kawo, kai ka gayyace ni. Ƙwanƙwasa masa yatsu biyun nan mana, ko zai karɓi godiya.