Tazarar Krakow da Korfu, da tazarar Kano da Accra

A watan Yuni wata dattijuwa maƙwabciyata a birnin Krakow na ƙasar Poland, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta kawo mini makullin gidanta domin in riƙa shayar mata da furanni, saboda za ta yi mako guda a tsibirin Korfu na ƙasar Girka. Duk guzurinta ƙaramar jaka ce da katin shaidar ɗan ƙasa, tikitinta kuma yana cikin waya. Sauƙin tafiyar ya burge ni, ya kuma sosa mini rai.

Tsakanin Krakow da Korfu ta sama kusan kilomita 1,200 ne, tafiyar awa biyu ko fiye da haka kaɗan. Mutum zai hau jirgin ƙasa daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin sama na Balice, ya tarar da tsofaffi sanye da malafa, da yara rungume da kayan wasan ruwa, da ma'aikatan masana'antu da suka tara kuɗin hutu, kowa ya wuce ba tare da an buga masa hatimi ba, kafin azahar kuma yana zaune a ƙarƙashin itatuwan zaitun yana hango gabar Albaniya. Kamfanoni irin su Ryanair da Wizz Air suna haɗa biranen Poland da tsibiran Girka kai tsaye, domin tun 1997 Tarayyar Turai ta kammala buɗe samaniyarta ga kamfanonin ƙasashenta, Poland ta shiga tarayyar a 2004, sannan ta shiga yankin Schengen, inda ake ketare iyakokin ƙasashe ba tare da binciken fasfo ba, a 2007.

Kusan wannan tazarar ce tsakanin Kano da Accra. Amma da gwaggona ta rasu a unguwar Sabon Zango ta Accra, mahaifina sai da ya bi ta Legas, ya kwana yana jiran jirgi na biyu, ya isa bayan an yi sadakar uku.

Na yarda cewa yawancin jiragen tsibiran nan na lokacin zafi ne kawai, cewa arahar tikitin tana raguwa da zarar an ƙara kuɗin kaya, kuma aljihun mutanen Poland ya fi namu nauyi. Sai dai Poland ba ta fita daga mulkin kwaminisanci ba sai a 1989, alhali jirgin sama ya sauka a Kano tun 1925. Mu ma muna da yarjejeniyoyi: ta zirga-zirgar jama'a ta ECOWAS tun 1979, da matsayar Yamoussoukro ta 1999 kan buɗe samaniyar Afirka ga kamfanonin jiragen nahiyar, da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya da aka ƙaddamar a Addis Ababa a 2018. Abin da ya rage shi ne gwamnatoci su bar kamfanonin maƙwabta su sauka, su kuma rage harajin da suke jibga wa tikiti.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, mutanen Poland rana da teku suke nema a Korfu, ba su da dangi a can, yayin da mu jininmu ne a Nima da Kumasi da Yamai da Njamena, zuriyar fataken da suka bi hanyar Gwanja da jakuna suna safarar goro. 'Ya'yan gwaggona sun girma ban san fuskokinsu ba sai a waya, kuma ko na je gida hutu, kuɗin da zai kai ni Accra daga Kano ya fi ƙarfin abin da ya rage mini bayan tikitin dawowa Turai.