Nono ba ya kashe gubar feshi

Ku daina cewa tsautsayi ne. Yaron nan da aka ɗauko daga sito a bayan kabu-kabu, yawu na zuba, wanda hotonsa ke yawo tun jiya a Damagaram, mai siton ne ya jefa shi cikin wannan hali. Mai siton nake nufi, kuma ba zan janye ba. Ka ba ɗan mutane famfon feshi da kwalbar piya-piya, ka tura shi ɗakin da ba taga da tsakar rana, ba takunkumi, ba safar hannu, da silifa a ƙafa, ka miƙa masa jika ɗaya, sannan da ya faɗi ka aika a sayo nono a ɗura masa. Wannan zalunci ne, Alhaji, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Wanda ya sa aikin feshi, shi ke da alhakin kayan kariya. Maganata ke nan, kuma zan yi ta maimaita ta.

Abin da ke cikin piya-piya da Sniper sunansa dikilorbos. Ba sai an sha shi ba, ta fata yake shiga, ta hanci yake shiga. In ya kama mutum za ka ga zufa, yawu, amai, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji ya cika da majina har numfashi ya gagara. Allurar atirofin ce ke ceton rai, ita kuwa a likita take. Nono ba ya yin komai sai cinye lokacin da ya kamata a ce ana hanya, kuma in aka ɗura wa wanda ya suma yana iya shaƙe shi. A fitar da mutum iska, a tuɓe masa rigar da ta jiƙe da magani, a wanke shi da ruwa da sabulu, a ruga da shi likita tare da kwalbar don lokotoro ya ga abin da ya shaƙa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda ragowar wannan maganin a jikin wake. Ragowa kawai suka ƙi ci. Yaronmu kuwa tsagwaronsa yake shaƙa.

Wasu sun rubuto mini cewa talauci ne, kayan kariya da tsada. Mai buhu ɗari na wake a sito ne zai kasa sayen takalmin roba da safar hannu? Ku bar wannan zance. Wasu sun ce yaran ne ba sa son sawa saboda zafi. To a yi feshin da sanyin safiya mana, wa ya ce sai rana ta take? Masu cewa ƙaddara kuwa, Annabi (SAW) ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Na yarda da ƙaddara, amma ba ta wanke wanda ya yi sakaci da ran ɗan wani.

Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhu ta fi ba ni tsoro. Da ta ji danshi sai ta fitar da iska mai guba, kuma ba ta da makari. Amma sai ka ga an jera buhunan a shagon da maigadi ko almajiri ke kwana. Alhali buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a ƙasar nan tun wajen 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba ƙwaya ba feshi. Mai sito ya san da shi. Ƙwaya ta fi araha, shi ya sa.

Haka abin yake a karkara. Matasan da ke fita feshin fara a Tanut da Gure, masu korar jan baki daga gonakin gero, masu lambu a Mirya da Gidimuni da ke gauraya magani da hannu, har ma'aikatan gandun daji da ke tsaron namun Termit da Tin Tuma tun da aka keɓe wurin a 2012, tsakanin maharba da kububuwa, nesa da allurar saran maciji. Duk wanda ya tura su, gwamnati ce ko mai gona ko ɗan kasuwa, shi ke da alhakin kayan kariyarsu. Zuciyata na ƙuna in na tuna cewa yawancinsu ƙannenmu ne, abin da za su kai gida kawai suke nema.

Sai kuma ku iyayenmu mata masu suyar fara. Don Allah ku riƙa tambayar masu kawo muku buhu daga ina aka kamo ta. Farar da aka tsinto a gonar da aka yi wa feshi tana ɗauke da maganin, tafasa da suya da yaji ba su isa su tabbatar ta tsarkaka ba, kuma yaran lakwal ne suka fi sayen ƙulli-ƙullin nan. Haka galan ɗin magani da ake wankewa a zuba man gyaɗa ko ruwan sha, a huda shi kada ya sake shiga hannun kowa.