Ranar da motata ta faɗi lissafi

Ni dai ina da wani hali. Duk sanda na wuce shingen 'yan sanda na ga an jera motoci a gefen titi, masu su na ta "don Allah Yallaɓai", sai in girgiza kai in ce wa maiɗakina, "Kin ga sakaci ko? Takardun guda nawa ne duka-duka? Haraji, inshora, lasin tuƙi, shaidar lafiyar mota. Shi ke nan fa." Ba ta taɓa tanka mini ba. Ashe tara mini take yi.

Wata Talata da safe na ci karo da shinge, irin babban nan mai motar janwe biyu a gefe. Tun kafin a ɗaga mini hannu na sa sigina, na faka, na sauke gilashi. Me zan ji tsoro? Mako uku ke nan da na sabunta komai ta intanet, da hannuna, ban roƙi kowa ba.

Wani sajan mai furfura ya leƙo. "Malam, takardu."

Na zaro ambulan na miƙa masa da hannu biyu, har da murmushi. Ya buɗe, ya daɗe yana karantawa, sannan ya ɗago.

"Malam, ai motar nan ta faɗi lissafi. Maki 31. Amma ta yi ƙoƙari a zane."

Sakamakon jarabawar ɗana ne. Ambulan biyu ne iri ɗaya a kan tebur, na suri wanda ya fi kusa. Wani kurtu ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Na ce ba komai, ai komai na cikin waya. Kafin in gama lalube, kurtun ya shigar da lambar motata a na'urarsu, wadda ke nuna musu nan take ko akwai haraji da inshora a kan mota. Haraji lafiya lau. Inshora kuwa, babu.

Nan fa na ɗaga murya, abin da nake yi wa wasu dariya a kai. Na ce na'urarsu ce ta samu matsala, na buɗo takardar inshorar a waya na kai masa har hanci. Sajan bai yi fushi ba, wannan ne ma ya fi ba ni tsoro. Ya ce in fito mu duba lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Ya karanta ta jikin mota, ni ina bin ta waya. Tun a harafi na biyu muka raba hanya.

Na ce, "Yallaɓai, wataƙila kuskuren rubutu ne. Ka san ana rikita O da sifili."

"Lambar shasi guda 17 ce, haruffa da lambobi," in ji shi, "kuma ba a sa I ko O ko Q a ciki, saboda masu irin wannan hujjar taka. Duba sama, wace lambar mota aka rubuta?"

Na duba. Gumi ya keto mini. Lambar tsohuwar motata ce, wadda na sayar bara. Shafin ya nuno mini motoci biyu, na danna ta sama ban karanta ba. Mako uku wani bawan Allah da ko fuskarsa na manta yana yawo da inshorata, ni kuma ina yawo tsirara ina yi wa mutane wa'azi.

Na koma "don Allah Yallaɓai", da irin muryar da nake kwaikwaya a gida. Ya ce inshorar da doka ta tilasta ba don motata aka yi ta ba, don wanda zan buge ne, kuma shi ba zai yafe a madadin mutumin da ban buge ba tukuna. Ya rubuta tara, ya yafito janwe.

Na kira maiɗakina ta zo ta ɗauke ni. Ba ta ce uffan ba sai da muka hau titi. Sannan ta rage gudu daidai inda ake ɗaure motata, ta girgiza kai.

"Ka ga sakaci ko?"

Sai ga sajan yana ƙwanƙwasa gilashi, ambulan a hannunsa. "Malam, ka manta wannan. Kuma kada ka yi wa yaron faɗa. Shi aƙalla ya samu 31."