Sayar da gida a tsakiyar bazara

Duk wanda bai taɓa sa gida a kasuwa cikin watan Afrilu a Birnin Kebbi ba, bai san ɓacin rai ba. Zafi ya haura digiri 40, ga babu wuta, amma dillali ba zai kawo mai saye ba sai ƙarfe 2 na rana, lokacin da kwanon rufi ya ɗau zafi sosai. Mata su sa hijabi su cushe a ɗaki ɗaya, yara na kuka. Mutumin ya dafa bango ya janye hannu, ya ce, "Alhaji, ai gidan nan tanderu ne." To wane gida ne a unguwar Badariya yake da sanyi yanzu? Ya leƙa rijiya ya ga ruwa ya ja baya, nan take ya zaftare kuɗi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, sai ya shanye ruwan ƙanƙarar da na sayo, sannan ya ce wai kuɗinsa na gonar shinkafa, a bari sai damina ya ga ko ruwa na kwanciya a layin. Dillali kuwa, ko tayi ba a yi ba, ya miƙo hannu wai kuɗin mai.